Yadda Ake Ɗanɗana Shayin Yankuna a Gane Bambancinsu

Galibin masu shan shayi a ƙasar Hausa ba su taɓa jin ɗanɗanon ganyen shi kaɗai ba, domin kafin kofi ya iso hannu an riga an zuba masa sukari da madara, wani lokaci har da citta da kanumfari da masoro, ta yadda ganyen Kenya da na Indiya duk sukan zama abu ɗaya a baki. Wannan ba laifi ba ne, haka aka saba sha, kuma da daɗinsa. Sai dai wanda yake son sanin dalilin da ya sa wani ganye ya ninka wani kuɗi, ko mai teburin shayi da ke neman ganyen da zai riƙe madara bai tsinke ba, dole ya koyi ɗanɗana shi tsura. A Mombasa da Kolombo da Kalkata, inda ake gwanjon shayi, akwai mutanen da wannan ce sana'arsu, kuma da abin da harshensu ya faɗa ake yanka farashi. Ƙa'idar aikin nasu guda ɗaya ce, wato ruwa da nauyi da zafi da lokaci da kofi duk su zama daidai, ganye kaɗai ya bambanta. Duk wanda ya riƙe wannan ƙa'ida zai iya yin gwajin a ɗakinsa.

Zaɓen ganyen da za a gwada

Shayi baƙi da kore duk daga itace ɗaya suke fitowa, wanda masana tsirrai ke kira Camellia sinensis. Iri biyu ne suka fi yawa a gonaki, na ƙasar Sin mai ƙananan ganye da jure sanyi, da na Asam, wani yanki na Indiya, mai faffaɗan ganye da son zafi da ruwa, kuma wannan na biyun shi aka fi shukawa a Afirka. Bayan iri, abin da ke raba ɗanɗano shi ne tudun wuri, da yawan ruwan sama, da lokacin tsinka, da yadda masana'anta ta sarrafa ganyen. A kan tudu mai sanyi ganye yana girma a hankali, sai ya tara ƙamshi, a kwari mai zafi kuwa yana girma da sauri, sai ya ba da ƙarfi da duhun launi.

Wahalar farko tana wurin saye. Yawancin kwalayen da ke kantuna haɗi ne, domin kamfani yakan gauraya ganyen ƙasashe da dama don ɗanɗanon ya tsaya yadda masu saye suka saba daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Irin wannan ba ya nuna halin kowane yanki, saboda haka a nemi wanda aka rubuta sunan ƙasa ko na gona a jikinsa. Tsantsar shayin Siri Lanka da aka ƙulla a can yana ɗauke da tambarin zaki riƙe da takobi, da kalmar Ceylon, tsohon sunan ƙasar. Na Darjilin, shi ma wani yanki na Indiya, yana da tambarin mace riƙe da ganye biyu da toho. A Najeriya akwai Highland Tea da ake nomawa a Kakara, kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba, kuma a Kamaru akwai na Ndu da na Tole.

Abu na biyu shi ne a jera masu kama da juna. Hanyoyin sarrafa baƙin shayi biyu ne. A tsohuwar hanya ana murza ganyen ne ya fito dogo a murɗe. A ɗaya hanyar, wadda ake rubuta CTC a jikin buhunanta, ana bi da ganyen ta tsakanin naɗaɗɗun ƙarafa masu haƙora, su murƙushe shi su yaga shi su dunƙule shi ya zama ƙananan ƙwayoyi. A Asam aka ƙirƙiro wannan inji a farkon shekarun 1930, kuma kusan duk shayin Kenya da shi ake yin sa. Ƙwayoyin nan suna sakin launi da ƙarfi cikin sauri, don haka idan aka ajiye su kusa da dogon ganye, bambancin da baki zai ji na inji ne, ba na ƙasa ba. Mai koyo ya fara da masu ƙananan ƙwayoyi, misali na Kenya da na Asam da na Mambila, sannan a wani zama dabam ya jera masu dogon ganye. Kada su wuce huɗu a zama ɗaya, domin harshen da bai saba ba yana gajiya da wuri.

Kayan aiki da ruwa

Ana buƙatar fararen kofunan tangaran masu girma ɗaya, biyu ga kowane ganye, ɗaya na jiƙawa ɗaya na juyewa, da ƙananan farantai na rufewa, da mataci, da cokali, da agogo. Farin kofi ake so domin a cikinsa ne launi ke fitowa sosai, kuma tangaran ba ya riƙe warin abin da aka sha jiya yadda roba ke yi. Abin da ba a iya yi ba tare da shi ba shi ne ƙaramin sikeli mai auna gram, irin wanda masu sayar da zinariya ke aiki da shi. Awo da cokali yaudara ne, domin cokali ɗaya na ƙwayoyin CTC yana iya kusan ninka cokali ɗaya na dogon ganye a nauyi. Shayin da ke cikin jakar takarda ma a farke jakar a auna abin da ke ciki.

Ruwa yana bukatar a dakata a kansa, domin shi ne kusan duk abin da ke cikin kofin. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai ɗanɗanon kanwa ko gishiri yana dusashe launin shayi, ya sa wani siririn maiƙo ya kwanta a samansa, ya kuma danne ƙamshi. Ruwan famfo mai warin magani shi ma yana ɓata gwaji. A sami ruwan gora ko na leda wanda aka sha aka ji ba shi da wani ɗanɗano, a sayi isasshe na kamfani ɗaya, a yi duk gwajin da shi. A tafasa shi sau ɗaya a butar da ba a taɓa dafa kayan ƙamshi a ciki ba, kuma kada a bar shi yana ta tafarfasa. Wanda zai dafa da gawayi a kurfoti ya tabbatar butar tana rufe, ya jira gawayin ya gama hayaƙi, don ruwa yana ɗaukar ƙauri. Akwai kuma abin da mazauna tudu ya kamata su sani, wato ruwa yana tafasa a zafin da bai kai digiri 100 ba idan wuri ya yi sama, yana raguwa da kimanin digiri ɗaya a kowace mita 300. A Jos, mai tudun kusan mita 1,200, yana tafasa ne wajen digiri 96. Wannan ba ya hana gwaji tun da duk kofunan ruwa ɗaya za su samu, amma yana sa sakamakon mutumin Jos ya ɗan saɓa da na mutumin Sakkwato.

Shi kansa mai gwajin ya shirya bakinsa. Hantsi ya fi dacewa, bayan an karya kumallo da abu mara yaji kuma an ba shi kamar awa ɗaya. A guji goro da taba da alewa da man goge baki kafin zama, musamman goro, domin baurinsa yana daɗewa a harshe kuma irin baurin shayi ne, sai mutum ya ɗora wa ganye laifin da ba nasa ba. Kada a sa turare, kada kuma a zauna a ɗakin da aka yi turaren wuta.

Duba ganye da jiƙa shi

Kafin a zuba ruwa a baza kaɗan daga kowane ganye a kan farar takarda. Ana duba ko girmansa ɗaya ne, ko kuwa akwai gari da yawa, da kuma jajayen zaruruwa da guntayen itace, waɗanda ke nuna an tsinko har da tsofaffin rassa maimakon ganye biyu da toho na saman reshe. Sabon ganye yana da ɗan sheƙi, tsoho kuwa yakan yi fari-fari kamar ƙura ta hau shi. A ɗebi kaɗan a tafin hannu, a hura masa numfashi mai ɗumi, a shinshina nan take. A nan ne ake kama ganyen da ya kwana kusa da sabulu ko kananzir ko daddawa a shago, domin shayi yana zuƙe warin duk abin da ya yi maƙwabtaka da shi. Ganyen da ya yi warin fumfuna a cire shi daga gwajin tun daga nan.

Hukumar daidaita ma'aunai ta duniya tana da ƙa'ida ta musamman kan wannan jiƙo, mai lamba ISO 3103, wadda ta fara fitowa a 1980. Ta ce gram 2 na ganye ga kowace mililita 100 ta tafasasshen ruwa, a rufe, a bar shi minti 6. Ga kofi mai cin mililita 150 ke nan gram 3 za a zuba. A fara ɗauraye kofunan da ruwan zafi don su yi ɗumi, a zuba ganyen, a bi su da ruwa daga hagu zuwa dama, ana barin kamar daƙiƙa 15 tsakanin kofi da kofi, sannan a rufe kowanne da farantinsa. Idan lokaci ya cika a juye su ta mataci da wannan jeri da wannan tazara, domin kowanne ya sami mintinsa shida cif. Wanda ya saba shan shayi zai ga jiƙon ya yi ƙarfi fiye da kima, kuma da gangan aka yi haka. Ba don daɗi aka tsara shi ba, an tsara shi ne don ya tilasta wa ganye ya fito da duk abin da yake ɓoyewa, mai kyau da mara kyau.

Kada a zubar da jiƙaƙƙen ganyen. A juye shi a kan farantin, a shinshina tun yana tururi, domin ƙamshin da ke tashi daga gare shi a wannan lokaci ya fi na ruwan bayyana. Launinsa ma shaida ne. Jan ƙarfe mai haske yana nuna an sarrafa shi yadda ya kamata, baƙi mai duhu yana nuna an bar shi ya wuce lokaci kafin a busar, kore-kore a cikin baƙin shayi kuwa yana nuna an gaggauta, ban da na farkon kakar Darjilin wanda haka yake fitowa. Daga nan a dubi ruwan a wuri mai hasken rana. Ana son ya zama garau mai ƙyalli, kuma a ganye mai kyau akan ga wani zobe mai ruwan zinariya a inda shayin ya taɓa bangon kofi.

Kurɓar kanta

A bari ya huce har ya zama ana iya riƙe shi a baki ba tare da ƙuna ba, domin harshen da ya ƙone ba ya jin komai. A cika cokali, a kai shi gaban leɓe, a zuƙe da ƙarfi tare da iska har ya yi ƙara. A tarbiyyarmu wannan rashin ladabi ne, amma a nan dole ne, saboda zuƙar ce ke watsa ruwan ko'ina a baki ta kuma tura ƙamshin ta bayan maƙogwaro zuwa hanci, kuma yawancin abin da muke kira ɗanɗano a hanci ake jin sa. A juya shi a baki na 'yan daƙiƙu, a fitar da numfashi ta hanci. Masu sana'ar da ke bin ɗaruruwan kofuna a rana tofarwa suke yi, amma mai kofi huɗu yana iya haɗiyewa. A ɗauraye cokalin a ruwan zafi tsakanin kofi da kofi, a kuma kurkure baki.

Babban abin da mai koyo zai fara rabawa shi ne ɗaci da bauri, domin mutane da yawa suna haɗa su. Ɗaci ɗanɗano ne, ana jin sa a harshe kamar na shuwaka. Bauri kuwa ji ne na bushewa da takurewa a dasashi da cikin kumatu, irin wanda ɗanyar ayaba ke bari. Baƙin shayi mai kyau yana da bauri mai kaifi wanda ke zuwa ya wuce ya bar baki a wanke, kuma dillalai suna biyan kuɗi saboda shi. Wanda ake gudu shi ne ɗacin da ke maƙalewa a maƙogwaro, da baurin da ke zama har bayan minti guda. Bayan wannan sai a lura da kauri, wato ko ruwan yana da nauyi a kan harshe ko kuwa tsararo ne, sannan ƙamshi, sannan abin da ya rage a baki bayan an haɗiye. A rubuta abin da aka ji game da kowane kofi kafin a yi magana da abokin gwaji, domin da zarar wani ya ambaci ƙamshin zuma kowa zai fara jin zuma.

A sake zagaya kofunan bayan sun huce sosai. Ganye mai rauni yakan yi lami da ya yi sanyi, mai kyau kuwa yakan ƙara fito da zaƙinsa. Wani lokaci za a ga ƙaƙƙarfan shayin Asam ko na Kenya ya dusashe da ya huce, kamar an ɗiga masa madara. Wannan ba lalacewa ba ce, sinadaran launi da na bauri ne ke haɗuwa da sinadarin da ke hana barci, kuma masu sana'ar suna ɗaukarsa alamar ganye mai jiki.

Abin da za a sa ran ji daga yankuna

Asam kwari ne mai zafi da ruwa a gefen kogin Brahmaputra, kuma shayinsa yana da duhu da nauyi, da ƙamshi irin na tsiron hatsi da aka shanya. Na Kenya ya fi shi ja da haske da kaifi. An fara shuka shayi a ƙasar a Limuru a 1903, kuma a yau cibiyarsa tana wajen Kerico, a tudun kusan mita 2,000, inda ake tsinka duk shekara, abin da ya sa ɗanɗanonsa ba ya sauyawa sosai daga wata zuwa wata. Wanda ya ajiye waɗannan biyun gefe da gefe zai ji Asam a tsakiyar harshe da nauyinsa, Kenya kuwa a gefen baki da kaifinta. Na Mambila sai a sa shi a tsakaninsu a ji inda ya karkata, kuma a duba kwanan watan da ke jikin kwalin, domin kusancin gona ba shi da amfani idan ganyen ya shekara a kanti.

Siri Lanka ta fi kowace ƙasa koyar da tasirin tudu, domin da shi take rarraba shayinta. Wanda aka noma ƙasa da mita 600 rukuninsa dabam, na tsakanin 600 da 1,200 dabam, na sama da 1,200 dabam. Na ƙasa, irin na Ruhuna, baƙi ne mai kauri, kuma shi kasuwannin Larabawa suka fi so. Na Nuwara Eliya, can sama wajen mita 1,900, ruwansa fatsi-fatsi ne mara nauyi mai ƙamshin fure. Tsibiri ɗaya ne kuma itace ɗaya, amma mai koyo da ya jera su zai yi zaton daga nahiyoyi biyu suka fito. Darjilin, a gindin tsaunukan Himalaya, tana ƙara darasin kaka. Tsinkar farko ta watan Maris da Afrilu tana fitowa da haske da ɗanyantaka da bauri mai yawa, ta biyu ta Mayu da Yuni kuwa ta fi duhu, da ƙamshi irin na busasshen inabi. Saboda yawan jabu, Indiya ta yi wa sunan rajistar kariya a 2004.

Gwajin madara da gwajin kofi uku

Tun da yawancinmu da madara muke sha, gwajin bai cika ba sai an zuba ta. A raba ragowar kowane kofi, a sa wa rabi madara awo ɗaya, kamar rabin ƙaramin cokali, ba tare da sukari ba. Na Kenya yakan juya ja mai ruwan zinariya, na Asam ya yi ruwan ƙasa mai kauri, na Darjilin da na Nuwara Eliya kuwa su yi toka-toka su mutu. A ganina nan ne mutane suke yawan yin hukunci ba bisa ƙa'ida ba. Mai tsada ba shi ne ya fi dacewa da kowane sha ba, kuma mai teburin shayi da ya sayi Darjilin don kwastomominsa ya yi asarar kuɗinsa, kamar yadda wanda ya raina Darjilin don ta kasa riƙe madara ya auna ta da abin da ba don shi aka noma ta ba.

Don mutum ya tabbatar harshensa ne ke aiki ba sunan da ke kan kwali ba, sai ya sa wani ya haɗa masa kofi uku a bayan idonsa, biyu daga ganye ɗaya, na ukun daga wani, a rubuta lamba a ƙarƙashin kowanne. Aikinsa shi ne ya fitar da baren. Tun da ko da kintace ana iya dacewa sau ɗaya cikin uku, nasara ɗaya ba hujja ba ce, sai an maimaita a ranaku dabam-dabam an ga yana dacewa akai-akai. Idan launi yana tona asiri, a yi gwajin a ɗaki mai ƙarancin haske.

Koren shayi

Koren shayin da ake dafawa a ƙaramar buta a Agadas da Damagaram da Yamai daga ƙasar Sin yake zuwa, kuma iri biyu ne suka fi yawa. Akwai wanda aka dunƙule ganyensa ƙwaya-ƙwaya, wanda akan ga lamba 3505 a kwalinsa, da mai siririn ganye a lanƙwashe, mai lambobi irin su 41022 da 9371. Bambancin kore da baƙi shi ne ana gasa koren ganye da zarar an tsinko shi, don kada iska ta juya shi ja. Tafasasshen ruwa yana fito da ɗacinsa fiye da kima, saboda haka a gwada shi da ruwa mai zafin kusan digiri 80 na minti 3. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya haɗa awo uku na tafasasshen ruwa da awo ɗaya na ruwan da ke ajiye a ɗaki. Ana duba ko ƙwayoyin ƙanana ne masu tauri da sheƙi, ko sun warware sun zama cikakken ganye ko kuwa tarkace, da ko ruwan rawaya ne garau ko ya gurɓace, sannan ko ɗan hayaƙin da ke cikinsa mai daɗi ne ko ƙauri.

Sai dai wannan ganye a kan gawayi za a dafa shi har sau uku, da sukari da na'ana'a, don haka bayan gwajin tsura a yi masa na biyu irin yadda ake shan sa. A auna ganye da ruwa da sukari daidai a butoci biyu masu girma ɗaya, a ba su lokaci ɗaya a kan wuta, a juya su tsakanin buta da ƙaramin kofin gilashi adadi ɗaya. A dahuwar farko kusan kowane ganye yana da ƙarfi, don haka ba ta raba gardama. A lura da kumfa, ko tana tsayawa a kan kofin ko tana kwanciya nan da nan, sannan a jira dahuwa ta uku, inda ganye mai rauni ke komawa ruwan sukari, mai kyau kuwa ake ci gaba da jin shayi a cikinsa.